Titin Sakkwato na Samaru: Hanyar da ta Haɗa Jami'a da Gonakin Kudancin Katsina

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa karatu ko aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya san titin nan da ya ratsa Samaru, ya bar harabar jami'a a hannu ɗaya, cikin gari a ɗaya hannun. Titin Sakkwato ake kiransa. A bakinsa sabon ɗalibi yake sauka da akwatinsa, a bakinsa kuma yake tsayawa neman mota ranar da ya kammala. Saboda yawan sabo, da wuya a sami wanda zai tsaya ya tambayi kansa yadda aka yi titin ya biyo ta nan, ko kuma wa ya riga wani zuwa tsakaninsa da jami'ar.

Amsar ita ce titin ya girmi jami'a nesa ba kusa ba. Hanya ce ta fara zuwa, gonar gwaji ta zauna a gefenta, makarantu suka biyo gona, gari kuma ya tsiro a jikin makarantu. Wanda ya bi wannan titi ya nufi arewa maso yamma, bayan tafiyar kilomita 70 da ɗoriya daga Zariya zai shiga Funtuwa, ƙofar ƙasashen Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa a Jihar Katsina. In ya miƙe, sai Gusau, sai Sakkwato, kusan kilomita 400 ke nan. Wannan maƙala za ta bi diddigin tarihin titin, domin a ga yadda kimiyyar da aka san Samaru da ita ta ginu a kan kai-da-kawowa tsakanin ɗakin bincike da gonakin waɗancan ƙasashe, da kuma abin da ke faruwa da ilimi idan hanya ta toshe.

Sunayen Unguwanni

Mai son sanin tarihin titi ya fara da sauraron sunayen wuraren da yaran mota ke kira. Daga Sabon Garin Zariya ana tashi ne daga mahaɗar PZ, wadda ta ci sunan kantin Paterson Zochonis, ɗaya daga cikin kamfanonin Turawa masu sayen amfanin gona da suka biyo jirgin ƙasa. Daga nan sai a bi ta Hanwa a iso Kwangila, inda babbar hanyar Kaduna zuwa Kano ta gitta ta kan gada. Gaba kaɗan ga Palladan, ga kuma kwalejin horar da matuƙa jiragen sama da aka kafa a 1964. Sai Zangon Shanu, sunan da ke tuna mana zamanin da garkunan shanu da fatake ke yada zango kafin su ƙarasa kasuwa.

A cikin Samaru kanta akwai Hayin Dogo, wato unguwar da ke ƙetaren layin dogo. Bayan an wuce ƙofofin jami'a sai Cibiyar Binciken Aikin Gona, sai Shika, inda aka buɗe gonar kiwo ta gwamnati a 1928, wadda ta zama cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa a 1976. A Shikan ne kuma Asibitin Koyarwa na jami'a ya tare a mazauninsa na dindindin a 2005. Kowane suna a nan shaida ne na wani zamani: na jaki da ayari, na jirgin ƙasa da kanti, na gonar gwaji, da na jami'a.

Kafin Zuwan Mota

Tun kafin Turawa su ci Zazzau a 1902 da Katsina a 1903, akwai ciniki mai ƙarfi tsakanin Zazzau da kudancin Katsina. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina da Maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta buga a 1981, ya yi bayanin wannan yanki da ake kira Katsina Laka. Sunan ya samo asali daga irin ƙasar wurin, mai nauyi da riƙe ruwa, saɓanin jigawar arewacin Katsina. Irin wannan ƙasa ita auduga ke so, shi ya sa garuruwa kamar Maska suka shahara da saƙa da rini. Sarautun yankin na yau suna ɗauke da sunayen waɗancan tsofaffin garuruwa: Hakimin Funtuwa shi ne Sarkin Maska, na Ƙanƙara kuma Sarkin Pauwa.

Fatake ba su da taswira, amma sun san ƙasa. Madugu yakan bi tudu ya kauce wa fadama, domin jaki mai ɗauke da mangala ba ya iya ratsa taɓo, kuma a kurmin bakin rafi ne ƙudan tsando ke zama, mai sa wa dabbobi sammore. Ƙasar da ke tsakanin Zariya da Funtuwa kuwa tudu ce mai raba ruwa. Rafin Kubanni da ya ratsa harabar jami'a yana gangarawa ne zuwa Galma, daga can zuwa Kogin Kaduna, alhali Gulbin Sakkwato daga kusa da Funtuwa yake tasowa ya nufi arewa maso yamma. Injiniyan zamani shi ma tudu yake nema, saboda gada da kwalbati su ne suka fi cin kuɗi a aikin hanya. Da madugu da injiniya, doka ɗaya suke bi: a tafi inda ruwa ba ya kwana.

Auduga ce ta Ja Hanya

A 1902 masu masaƙu na Ingila suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a birnin Mancesta, wadda mutanenmu suka sani da BCGA. Damuwarsu ita ce masaƙun Lankasha sun dogara kacokan ga audugar Amurka, suna neman wata ƙasar da za ta cike giɓi in ta Amurka ta yi tsada. Idonsu ya faɗa kan Arewacin Nijeriya. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, aka kafa injin gurzar auduga a garin, daga bisani aka kafa wani a Funtuwa. A cikin waɗannan shekaru na farkon mulkin Turawa aka share hanyar Zariya zuwa Sakkwato, da gatari da fartanya da kwando, yawanci ta hanyar aikin tilas da ake rarraba wa hakimai da dagatai.

Audugar gargajiya mai gajeren zare ce, ta dace da mazari da masaƙar hannu, amma injunan Ingila dogon zare suke so. Saboda haka a 1912 aka shigo da wani irin auduga ɗan asalin Amurka mai suna Allen, ta hanyar Yuganda, aka gwada shi a gonar gwamnati ta Maigana da ke gabashin Zariya. Irin ya karɓi ƙasar. A 1922 aka buɗe tashar binciken aikin gona a Samaru, ta zama cibiyar binciken noma ta lardunan Arewa baki ɗaya. A ƙarshen shekarun 1920 aka shimfiɗa reshen dogo daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Dogo da titi suka riƙa tafiya kafaɗa da kafaɗa, Funtuwa ta bunƙasa ta shafe Maska, auduga da gyaɗa suka riƙa kwarara zuwa tashar jiragen ruwa ta Ikko.

Samaru da Daudawa

Mai karatu zai iya tambaya: in an sami iri mai kyau a Samaru, me zai hana a raba wa manoma kai tsaye? Dalili biyu ne. Na farko, abin da masanin iri ke samu a ƙarshen zaɓensa bai wuce cikin 'yan buhuna ba, manoman Arewa kuwa dubban tan na angurya suke bukata kowace damina. Na biyu, iri yana gurɓata. Ko da yake furen auduga yakan yi wa kansa barbara, zuma da sauran ƙwari sukan ɗauko garin fure daga wata gona su kai wata. A gidan gurza ma angurya takan cakuɗe idan aka haɗa audugar wurare daban-daban. Cikin 'yan shekaru sai halayen da aka sha wahalar zaɓowa su dusashe.

Maganin da aka samo shi ne ninka iri hawa-hawa, kuma a nan ne Daudawa ta ƙasar Faskari ta shigo cikin tarihin Samaru. Tun cikin shekarun 1920 aka kafa babbar gonar iri a Daudawa. Tsabar irin da aka tace a Samaru ita ake kaiwa can a shuka a keɓe. Abin da aka girba a raba wa manoman da ke kewaye, a sayi audugarsu a fuloti na musamman, a gurje ta ita kaɗai, sa'an nan a rarraba anguryar ga yanki mafi faɗi a shekara mai zuwa. Haka ake yi har iri ya game ƙasa, kafin nan kuma wani sabo ya taso daga Samaru. Ta wannan tsari aka yaɗa ire-iren da aka sa wa suna Samaru 26C da 26J, da waɗanda suka biyo bayansu har zuwa jerin SAMCOT. Daga cikin abubuwan da masana suka riƙa nema akwai ganye mai gashi, wanda ke hana ƙananan ƙwari masu tsotso zama, da juriya ga cutar baƙin tabo da ke ƙona ganye da ƙwallo.

A wannan yanki ne kuma garmar shanu ta yi saiwa sosai. Ma'aikatar gona ta soma shirin haɗa noma da kiwo a ƙarshen shekarun 1920, inda ake ba manomi bashin bijimai biyu da garma, ya yi huɗa da su, ya kuma sami taki. Ke nan motar da ta fita daga Samaru da buhunan iri ba ta komowa wayam. Takan dawo da samfurin auduga da na ƙasa, da rahoton malaman gona a kan abin da ya yi da abin da bai yi ba.

Gari ya Tsiro a Bakin Titi

Gonar gwaji tana bukatar lebura da akawu da direba da mai gadi, su kuma suna bukatar wurin kwana da kasuwa. Haka Samaru ta fara cika da mutane daga sassa daban-daban na ƙasar nan. Makarantar koyon aikin gona ta zauna kusa da tashar bincike. A cikin shekarun 1950 aka gina reshen Zariya na Kwalejin Adabi da Kimiyya da Fasaha ta Nijeriya a gefen titin. A wannan kwaleji ne wasu ɗaliban zane, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyarsu a 1958, wadda ta sauya alƙiblar zanen zamani a Nijeriya.

Ranar 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a gine-ginen kwalejin, da ɗalibai 426. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, shi ne uban jami'a na farko, Dokta Norman Alexander kuma shugabanta, kafin Farfesa Ishaya Audu ya karɓa a 1966. Tashar bincike ta koma ƙarƙashin jami'a da sunan Cibiyar Binciken Aikin Gona.

Masana tsara birane suna da bayani a kan irin girman da Samaru ta yi. Gari na gargajiya kamar birnin Zazzau yana kewaye ne da fada da masallaci da kasuwa, ganuwa ta zagaye shi. Garin da titi ya haifa kuwa miƙewa yake yi kamar igiya, domin kowa yana son ƙofar shagonsa ta kalli hanya. Shi ya sa tsakanin Kwangila da Samaru, inda dā gonaki ne da fili, gine-gine suka haɗe. Wannan tsari yana da tsada: titi ɗaya ne ke ɗaukar tirelar da ta nufi Sakkwato, da ɗan acaɓa, da mai tura baro, da ɗalibin da ke son tsallakawa ya sayi abinci.

Abin da Manoma suka Koya wa Masana

Bahaushe ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shekara da shekaru malaman gona suna ba manoma shawara su daina cakuɗa amfani a gona ɗaya, su kuma shuka auduga da wuri, cikin watan Yuni. Gwaji a Samaru ya tabbatar cewa audugar da aka shuka da wuri ta fi yabanya. Amma manoma suka ci gaba da haɗa gero da dawa da wake, suna jinkirta auduga sai Yuli. Da yawa daga cikin ma'aikata suka ɗauka taurin kai ne.

A 1966 da 1967 wani masanin tattalin arzikin noma na jami'ar, David Norman, tare da abokan aikinsa, suka zauna da manoma a ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau: Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi. An zaɓi ƙauyukan ne bisa bambancin sauƙin isarsu birni. Suka riƙa rubuta aikin da kowane gida ya yi da abin da ya girba. Sakamakon ya nuna cewa abin da ya fi ƙaranci a wurin manomi shi ne hannun aiki a watannin Yuni da Yuli, lokacin noman farko. Haɗa shuka kuwa yana ba da riba mafi yawa a fili ɗaya, yana kuma rage kasada, domin in fari ko ƙwari sun kashe wani, wani zai tsira.

A cikin shekarun 1970 aka kai irin wannan bincike ƙauyukan Daudawa a kan auduga. Nan ma aka ga hikimar manomi: wanda ya bar dawarsa cikin ciyawa a watan Yuni ya tafi shukar auduga, ya sayar da abincin iyalinsa ke nan. Aka kuma gano cewa feshin maganin ƙwari na lokacin yana cin ruwa lita ɗari biyu ko fiye a kowace hekta, kuma sau da yawa ake yinsa a damina ɗaya, ga shi sai an ɗauko ruwan a ka daga rafi. Wannan ya sa aka gwada ƙaramin injin feshi mai aiki da batir, wanda faifansa ke juyawa ya warwatsa magani kamar hazo, lita biyu ko uku su ishi hekta guda. Waɗannan ayyuka suna cikin tushen salon binciken da ya bazu a duniya daga baya, wanda ke farawa da nazarin gidan manomi gaba ɗaya kafin a ba shi shawara.

Masara da Hanyoyin Burji

A 1975 aka fara Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya. Shi da na Gusau da na Gombe su ne na farko irinsu a Nijeriya. Shirin ya haɗa da ƙasashen Faskari da Ƙanƙara, ya gina cibiyoyin sayar da takin zamani da iri, ya kuma fitar da hanyoyin burji daga babban titi zuwa ƙauyuka. Masu shirin sun sa rai ga auduga, amma abin da ya fi cin moriyarsa ita ce masara.

Dā masara abar bayan gida ce, ana gasawa a ci ɗanya kafin gero ya nuna. Da aka sami farar masara mai suna TZB daga cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, ga taki mai rahusa, ga hanyar da mota za ta shiga ta kwaso, sai ta zama amfanin sayarwa. Kimiyya ta bayyana dalili: ƙasar nan ta fi kurmin kudu samun hasken rana a lokacin damina, dare yana da ɗan sanyi, cututtukan ganye kuma ba su kai na kudu ba. Masara tana amsa taki fiye da dawa da gero. Kasuwannin Dandume da Funtuwa da Giwa suka cika da hatsin Sabuwa da Faskari, manyan motoci suka riƙa bi ta Samaru da shi zuwa kudu.

Auduga kuwa ta ja baya. An rushe hukumar cinikin auduga a 1986, tsarin raba tsabtataccen iri ya raunana, masaƙun Kaduna da Kano suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Darasin a bayyane yake: iri mai kyau shi kaɗai ba ya wadatarwa sai da hanya da kasuwa da tsarin da zai kai shi hannun manomi ba tare da ya gurɓata ba.

Farar Ƙasar Ƙanƙara

Ba amfanin gona kaɗai ke bin titin zuwa ɗakunan bincike ba. Ƙanƙara tana da arzikin farar ƙasa, wadda masana ke kira kawolin. Asalinta dutse ne. Ƙarƙashin wannan yanki akwai tsofaffin duwatsu masu ƙyalli, kuma idan ruwan sama mai ɗan tsami ya daɗe yana ratsa su, shekaru dubbai bisa dubbai, sai wani sashe nasu ya ruɓe ya zama lallausan farin yumɓu mai ɗauke da sinadaran alminiyam da silika. Ana amfani da ita wajen yin tangaran da fenti da takarda da alli.

Malamai da ɗaliban sashen injiniyan sinadarai na jami'a sun daɗe suna gwaji da farar ƙasar Ƙanƙara. Idan aka gasa ta da zafi mai tsanani, aka sarrafa ta da wasu sinadarai, ana samun alam na tace ruwan sha, ana kuma samun ziyolait, wani abu mai ƙananan ƙofofi da matatun mai ke amfani da shi wajen fasa ɗanyen mai. A Samaru kuma akwai Cibiyar Binciken Makamashi, inda na'urar nukiliya ta bincike ta farko a Nijeriya ta fara aiki a 2004. Ƙarama ce, ƙarfinta kimanin kilowat 30, kuma babban aikinta shi ne tantance sinadaran da ke cikin samfurin ƙasa ko dutse ko abinci, komai ƙanƙantarsu.

Me ke Kashe Titi?

Abokan gabar titi biyu ne, ruwa da nauyi. Samaru tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba. Milimita ɗaya daidai take da lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita. Saboda haka titi mai faɗin mita 7 yana karɓar lita miliyan 7 a kowace kilomita a shekara. Kwalta rufi ce kawai, abin da ke ɗaukar nauyi shi ne daɓen marmara da tsakuwa da ke ƙarƙashinta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: da zarar kwalta ta tsage, ko magudanar ruwa ta cushe da shara, ruwa zai shiga ya jiƙa daɓen, taya ta danna, rami ya buɗe.

Game da nauyi, wani babban gwaji da aka yi a Jihar Ilinoi ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa ɓarnar da mota ke yi wa titi tana hauhawa fiye da yadda ake zato. In aka ninka nauyin da ke kan gindin taya sau biyu, ɓarnar takan ninku kusan sau 16. Tirela ɗaya da aka yi wa lodin wuce kima ta fi dubban ƙananan motoci cin titi. Tun da jirgin ƙasa na Ƙauran Namoda ya daina ɗaukar kaya kamar dā, hatsi da shanu da siminti da man fetur duk suka dawo kan kwalta. Wannan nauyi ta tsakiyar Samaru yake wucewa.

Sa'ad da Hanya ta Toshe

Rami ana cike shi, amma akwai abin da ya fi rami tare hanya. Daga shekarun 2010 hare-haren 'yan bindiga suka addabi Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, waɗanda ke maƙwabtaka da dazuzzukan Zamfara da Birnin Gwari. A daren 11 ga Disamba 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, aka sako su ranar 17 ga watan. Irin waɗannan makarantu su ne ke ciyar da tsangayoyin likitanci da injiniya da aikin gona na jami'o'inmu. A ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin Jihar Katsina ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, a watan Satumba kuma aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi da dama na wani lokaci.

An yi ta magana a kan asarar rayuka da dukiya, kuma ita ce babba. Sai dai akwai wata asarar da ba a cika lissafawa ba. Dokar fitar da sabon iri ta tanadi a gwada shi a wurare daban-daban, har da gonakin manoma, kafin a amince da shi. Masanin da ba zai iya kwana a ƙauye ba, ba zai ga yadda irinsa ya yi da wuta-wuta ko tsutsa a gonar talaka ba. Ɗalibin da ya kamata ya ɗebo samfurin ƙasa daga Daudawa sai ya tsaya a bayan katangar jami'a. Majinyacin da ya kamata a kawo Shika da dare sai a jira gari ya waye. Binciken da aka yi a Daudawa a shekarun 1970 ya yiwu ne domin masana sun iya zuwa su zauna da manoma damina bayan damina.

Kammalawa

Tarihin Titin Sakkwato ya nuna cewa an share shi ne domin a kwashe auduga zuwa Ingila, amma zamani ya juya shi ya zama hanyar da iri da ɗalibai da majinyata da tambayoyin manoma ke bi. Jami'a ta amfana da kudancin Katsina kamar yadda yankin ya amfana da ita, har ta buɗe makarantar share fagen shiga jami'a a Funtuwa a farkon shekarun 2000.

Akwai aikin da ke jiran masu karatun wannan mujalla. Dattawan da suka yi aiki a gonar Daudawa, da tsofaffin direbobin Funtuwa, da malaman gonar shirin 1975 suna ƙarewa, ya kamata ɗaliban tarihi su ɗauki bayanansu tun suna raye. Ɗaliban injiniya suna iya ƙidaya motocin da ke ratsa Samaru, su auna magudanun ruwa, su miƙa wa hukuma alƙaluma a maimakon koke. Ɗaliban da suka fito daga Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa kuwa, su ne suka fi kowa sanin abin da ke damun gonakin iyayensu. Idan za su zaɓi batun binciken kammala digiri, su tuna da gida, su zo da tambayar daga can, su kuma mayar da amsar ta hanyar da ta kawo su.